Yadda Ake Tallata Taron Koyar da Waya da Kwamfuta Kyauta a Ƙauye

Matasa da yawa a garuruwanmu na Kano da Jigawa suna da kyakkyawar niyya. Za su haɗa kuɗi a tsakaninsu, su aro kwamfutoci, su samo mai koyarwa, su tsayar da rana, sannan su zana sanarwa mai kyau su ɗora a Facebook, su koma suna jira. Ranar taro ta zo, sai ka tarar da 'yan samari ƙalilan waɗanda dama sun iya abin da za a koyar. Mai sayar da hatsin da aka taɓa cuta da alat na bogi bai zo ba. Matar da ke ɗinkin hula a cikin gida ko labari ba ta ji ba. Yarinyar da za ta zauna jarrabawar JAMB, wadda hannunta bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ita ma tana gida. Wanda ya fi buƙatar wannan karatu ba ya hawa intanet, don haka sanarwar intanet ba za ta riske shi ba. A ƙauye a baki labari yake tafiya, kuma da mutuncin wanda ya kawo shi ake auna shi. A kan wannan aka gina matakan da ke tafe. Ku ba kanku aƙalla mako uku kafin ranar taro.

Mataki na farko: ku san wa kuke kira, da abin da zai koma gida da shi

Idan kuka ce za a koyar da fasahar zamani, kowa zai ce madalla, amma ba wanda zai bar aikinsa ya zo. Ku zauna ku fitar da abubuwa uku ko huɗu waɗanda mutum zai iya yi da hannunsa bayan an tashi, kuma su zama abin da ke damun mutanen garin a yanzu.

Ɗan kasuwa damuwarsa taransifa ce. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, har masu kayan miya suka fara karɓar kuɗi ta asusu, tare da hakan kuma cuta ta shigo. To ku ce masa za a nuna masa yadda zai tabbatar kuɗi sun shiga asusunsa kafin ya miƙa kaya. Ɗalibi damuwarsa JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Ku ce masa zai riƙe linzamin kwamfuta ya gwada amsa tambayoyi. Mai ɗinki da mai turaren wuta da mai man gyaɗa so suke a san kayansu a wajen unguwa, su kuma za a koya musu ɗaukar hoton kaya a haske da tura shi ta WhatsApp. Dattijo kuwa tsoronsa mai kiran nan da zai ce daga banki yake, a karanto masa lambobin jikin kati.

Kada ku manta da masu ƙaramar waya. Su ne suka fi saurin cire kansu, suna ganin taron na masu babbar waya ne. Alhali akwai abin koya musu: duba kuɗin kira da *310#, duba ragowar data da *323#, nemo lambar NIN da *346# a layin da aka yi rajista da shi, adana lambobi, karanta saƙon banki. Duk inda za ku yi sanarwa, ku faɗa da baki cewa mai ƙaramar waya ma ya zo.

Mataki na biyu: rana da wuri

Rana mara kyau tana kashe taro tun kafin a fara tallarsa. Daga shuka zuwa maimai, ba mai sauraronku. Da kaka ana yankan gero da cirar gyaɗa da kakkaɓar riɗi, nan ma haka. Lokacin da ya fi shi ne bayan amfani ya shigo gida, cikin hunturu. Sai dai wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura da Auyo, lissafinsu daban ne, don a lokacin ne ma ake ban ruwa. A can yamma ta fi safiya.

Ku kauce wa ranar kasuwa, taku da ta maƙwabta. Wanda yake kusa da Maigatari ya san Alhamis ba tasa ba ce, na kusa da Wudil ya san Juma'a, na Ɗambatta da Gujungu sun san Lahadi. Ku tambaya ko akwai ɗaurin aure ko saukar Alƙur'ani a ranar. In samari kuke nema, ku tuna yammacin Asabar da Lahadi suna gidan kallon ƙwallo.

Wuri kuma ya zama wanda kowa zai shiga ba tare da an ce ya zama ɗan wane ba. Ajin firamare a ƙarshen mako ya yi, da izinin hedimasta. Ajin Islamiyya ranar Alhamis, da yake a mafi yawan wurare ranar hutu ce, shi ma ya yi, kuma mata sun fi sakewa da shi. Ƙofar gidan ɗan siyasa ko ofishin jam'iyya kuwa, ko kyauta aka ba ku da kujeru da janareta, ku yi godiya ku bari. Rabin gari ba zai zo ba. Kafin ku ambaci wurin a sanarwa, ku shiga cikin ɗakin da layuka daban-daban ku gwada sabis, ku kuma tanadi sola ko janareta.

Mataki na uku: gaisuwar manya

Ba a fara shela kafin a gai da masu gari. Da ɗan gari akan ci gari, ko da ku ma 'yan garin ne. Ku fara da mai unguwa, shi zai kai ku wurin dagaci, ko bulama kamar yadda ake cewa a wasu sassan Haɗeja. Idan taron zai haɗa ƙauyuka da yawa, dagaci zai shawarce ku ko sai an je gaban hakimi. Kada ku tsallake ƙarami ku tafi wurin babba. Wanda aka tsallake ba zai hana ku ba, amma ba zai ɗaga muku yatsa ba.

Ku tafi da dattijo guda da ake ganin girmansa, ya yi muku jagora. Mutum biyu ko uku sun isa. Bayan an cire takalmi an zauna an gaisa, mai magana ya taƙaita, kamar haka:

"Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo neman izini da albarka. Mun ga yadda ake cutar mutanenmu ta waya, da yadda yaranmu ke zuwa jarrabawa ba su san kwamfuta ba. Shi ne muka samo malami zai koyar ranar Asabar ta sama, a firamare. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma a raba komai. Babu hannun jam'iyya a ciki. Muna roƙon a ba mu izinin shela, kuma in da hali a turo mana wakili ya buɗe mana taro."

Ku bar masa takarda shafi ɗaya mai ɗauke da sunayenku, da rana, da wuri, da wanda ya ɗauki nauyi. Ku faɗi gaskiya kan inda kuɗin ya fito. In karo-karo kuka yi, ku ce karo-karo. In wata ƙungiya ce ta taimaka, irin CITAD ta Kano mai koyar da fasahar sadarwa, ko NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ku ambace ta kawai idan da gaske da hannunta a ciki kuma ta yarda a ambace ta. Jingina taro ga sunan da bai san da shi ba ƙarya ce, kuma ranar da ta fito ba za a sake yarda da ku ba. Kwafin takardar nan ku kai ɗaya ofishin 'yan sanda mafi kusa, ɗaya kuma ga Hisba idan akwai su a garin, musamman da yake mata za su fito.

Daga nan sai wurin liman. Ku same shi a gida, ba a bakin masallaci yana sauri ba. Ku gaishe shi da "Allah ya gafarta Malam", ku yi masa bayani kamar yadda kuka yi wa dagaci, ku ƙara da tsarin zama: maza daban, mata daban, kuma za a tashi don salla.

Mataki na huɗu: ku warware maganar kyauta tun da wuri

Nan ne aka fi samun matsala, don haka zan ɗan daɗe a kai. Idan mutumin ƙauye ya ji an ce kyauta, ɗayan biyu ne ke zuwa masa. Ko dai ya ɗauka rabo za a yi, wato waya ko jari ko kuɗin mota, ko kuma ya ɗauka wata dabara ce ta karɓe masa bayanai. Duka biyun yana da hujja. Ya ga tarukan da ake sa hannu a karɓi ambulan. Ya kuma ga waɗanda suka zo da sunan tallafi suka rubuta BVN da NIN na mutane, aka neme su aka rasa.

Wasu masu shirya taro sukan yi shiru a kan maganar rabo da gangan, don ɗaki ya cika. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ɗakin zai cika, amma da waɗanda suka zo jiran ambulan. Za su zauna hankalinsu na kan ƙofa, a tashi su fita suna cewa an cinye kuɗinsu, kuma wannan magana ita za ta zaga gari kafin labarin abin da aka koyar. Gara mutum ashirin da suka zo don karatu.

Saboda haka akwai jimloli uku da ba za su fita daga kowace sanarwa ba, ko ta baki ko ta takarda: ba a biyan kuɗi, ba a raba kuɗi ko waya, ba za a tambayi kowa BVN ko NIN ko lambar sirrin katinsa ba. Ku ƙara da cewa duk wanda ya zo da sunanku yana neman kuɗin fom, a kai ƙararsa wurin mai unguwa. Jimla ta uku, wato ta BVN da NIN da lambar sirri, ita kanta darasi ce, mutum ya fara koyo tun bai zo ba. Idan akwai ruwan sha ko ɗan abin taɓawa, ku faɗa daidai yadda yake, kada a ƙara masa gishiri. Idan za a ba da takardar shaidar halarta, ku bayyana cewa ba takardar ɗaukar aiki ba ce.

Mataki na biyar: shela da masallaci

Da izinin dagaci a hannu, sai ku nemi sankira ko mai shelar gari. Ku biya shi haƙƙinsa, ku kuma zauna da shi ya maimaita muku saƙon har ya zauna masa, don mai shela yana da son ƙawata magana, kuma a wurin ƙawatawar ne "za a koyar da waya" ke komawa "za a raba waya". Saƙon ya zama gajere:

"Jama'a, a saurara! Maigari ya ce a gaishe ku. Ranar Asabar mai zuwa, da hantsi, a firamare, za a koyar da yadda ake gane alat na bogi, da yadda ake tallar kaya a waya, da yadda yara za su yi jarrabawa a kwamfuta. Ba a biya, ba a rabo, ba a karɓar lambar bankin kowa. Na mata ranar Alhamis ne a Islamiyya, mace ce za ta koyar. Mai ƙaramar waya ma ya zo. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba!"

Lokacin shela shi ne tsakanin magariba da lisha, ko bayan lisha kaɗan, sa'ad da kowa ya dawo gida kuma mata na jiyowa daga tsakar gida. A yi ta sau biyu, saura mako guda da kuma daren jajibiri. Liman ko ladan kuma ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, Juma'a biyu a jere. Ku rubuta masa a ƙaramar takarda, ku tsaya a waje bayan an idar don masu tambaya su gan ku.

Mataki na shida: hanyar mata daban ce

Shela tana isa kunnen matar aure, amma ba ta isa ta fito da ita. Sai mijinta ya sani ya amince, kuma sai wata mace da ta yarda da ita ta ce mata ita ma za ta. Don haka cikin masu shirya taron dole a samu mata, kuma a ba su aikin da gaske.

Su fara da malamar makarantar matan aure, ta sanar a aji. Su je wurin uwar adashi, wadda ke shiga gida-gida kuma ta san wace ce ke sana'a. Ungozoma da dillaliya ma haka. Ranar awo da ranar riga-kafi a asibitin gari mata kan taru, da izinin mai kula da asibitin a yi musu bayani na minti biyu. In akwai reshen FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, a ƙaramar hukumar, a nemi shugabarsu. Gidan suna da gidan biki kuwa ba sai an faɗa ba.

Maza kuma ku yi naku ɓangaren a majalisa da masallaci. Magidanci yana so ya ji abu huɗu: wa zai koyar, a ina, ƙarfe nawa za a tashi, kuma ko za a ɗauki hoton iyalinsa. Ku ba shi amsa tun bai tambaya ba. Lokacin mata ya zama bayan an gama aikin safe, ko tsakanin azahar da la'asar kafin a ɗora tukunyar dare. Ku ce a zo da goyo, ku shimfiɗa tabarma. Mata da yawa wayar miji ko ta ɗa suke ara, to a sanar cewa wadda ba ta da waya ma ta zo, za a haɗa ta da wata.

Mataki na bakwai: mai caji, mai shayi, da kasuwa

Duk wayar da ke garin sai ta bi ta rumfar mai caji. Shi ya san wa ke da babbar waya, wa ke kawo masa a duba masa saƙo, wa aka taɓa yi wa damfara. Ku jawo shi jiki, ku sa sunansa cikin masu taimakawa. Mai POS ma haka, sai dai shi ku yi masa magana da hikima, don yana iya ganin za a rage masa ciniki. Ku nuna masa cewa mutumin da ya fahimci taransifa ba zai zo yana rigima da shi kan kuɗin da ya maƙale ba, ku kuma gayyace shi ya yi bayani na minti goma a taron. Teburin mai shayi da tashar 'yan acaɓa su ne masu kai labari ƙauyukan gefe da rugage.

Ranar kasuwar da ta rage kafin taro, ku nemi izinin sarkin kasuwa ku kafa ƙaramin tebur da kwamfuta ɗaya. Gani ya kori ji. Ku bar yaro ya rubuta sunansa ya gani a allo. Ku nuna wa ɗan kasuwa saƙon alat a waya, sannan ku nuna masa yadda ake duba ainihin abin da ke cikin asusu. Kada ku taɓa asusun kowa a nan, da naku za ku yi misali.

Mataki na takwas: takarda, WhatsApp da rediyo

Takardar mannawa ta zama da manyan baƙaƙe da 'yan kalmomi: me, yaushe, ina, da jimlolin nan uku. Ku rubuta da boko, a ƙasa kuma ku sa wani malami ya rubuta da ajami, don dattawa da almajirai da yawa shi suka fi karantawa. Ku manna a rumfar caji, injin niƙa, bakin famfo, kemis da tasha, bayan kun tambayi mai wurin.

A WhatsApp murya ta fi rubutu. Ku naɗi saƙo da bai wuce minti ɗaya ba, da muryar wanda gari ya sani, namiji ɗaya mace ɗaya. Bidiyo yana cin data, mutane ba za su buɗe ba. Ku tura a zaurukan unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na ƙungiyar manoma. Idan za ku yi amfani da tsarin tura saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, wato broadcast, ku sani mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai adana lambarku ba saƙon ba zai je masa ba. Facebook amfaninsa shi ne 'yan garin da ke Kano ko Dutse ko Legas su gani su kira gida su ce, "Inna, ki je." Wannan kiran yana da nauyi ƙwarai, don haka ku roƙe su a fili su yi shi.

Rediyo yana da kyau idan akwai hali. Gidaje irin su Rediyon Jigawa, Rediyon Kano da Freedom suna karɓar sanarwa, amma da kuɗi, kuma muryarsu na zuwa nesa fiye da buƙatarku. In ɗakinku mutum arba'in yake ci, wannan kuɗin ya fi amfani a man janareta.

Mataki na tara: rajista da tunatarwa

Ku ajiye littafi ɗaya a wurin mai caji, ɗaya a hannun malamar Islamiyya. Abin rubutawa kaɗan ne: suna, unguwa, irin waya, da lambar kira ga wanda ya ga dama. Rajista tana nuna muku yawan masu zuwa, kuma wanda aka rubuta sunansa yakan ji nauyin ƙin zuwa. Ku ƙayyade adadi gwargwadon kayan aikinku. Mutum uku a kwamfuta ɗaya shi ne iyaka. In sunaye sun wuce, ku raba rukuni biyu ku faɗa wa kowa ranarsa, kada a tara mutane a mayar da su daga bakin ƙofa.

Saura kwana biyu, ku raba sunayen a tsakaninku ku bi su, wanda ke kusa a je masa, na nesa a kira shi. A tuna masa ya yi cajin waya tun daren. Ku koma wurin mai unguwa ku tuna masa maganar wakili.

Ranar taro da bayanta

Ku fara a lokacin da kuka faɗa, ko da mutum biyar ne a zaune. Jawabin buɗewa kada ya wuce addu'a da gaisuwar wakilin dagaci. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa yana tarbar jama'a, yana maimaita cewa ba a karɓar komai. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, a zaman mata kuwa hoton hannuwa da wayoyi ya wadatar. Kafin a tashi, kowa ya gwada abu ɗaya da kansa, ku kuma sanar da ranar zama na gaba idan kun tsayar.

Washegari ku koma da ƙafarku wurin mai unguwa da dagaci da liman, ku yi godiya, ku gaya musu mutum nawa suka zo da abin da aka koya. Ku leƙa mai caji da malamar Islamiyya ku karɓi littattafan rajista, ku tambaye su abin da mutane ke faɗa, har da ƙorafi. Littattafan nan a ajiye su a hannun mutum ɗaya amintacce. Kada a ba ɗan siyasa ko ɗan kasuwa lambobin da ke ciki, kuma idan lokacin zama na biyu ya zo, waɗanda ke cikin littafin ne za ku fara kira, ku roƙi kowannensu ya zo da mutum ɗaya.